"Za mu neme ki": shin shiru ma amsa ce?

Jami'in ɗaukar ma'aikata: Ina nan kan bakana. Wanda ya nemi aiki bai ji kira ba, ya riga ya san amsarsa. Gurbi biyu muka tallata a wurinmu, takardu suka cika kwali uku, kuma ni da yaro ɗaya ne a ofis. Wa zan kira, wa zan bari?

Mai neman aiki: Yaya, ba mutanen cikin kwali nake nufi ba, waɗanda kuka kira intabiyu nake nufi. Daga Gusau na taso zuwa Kaduna, kuɗin mota rance na ci wajen maƙwabciya. Mu takwas ne a kan benci tun bakwai na safe, ba a shigar da ni ba sai bayan la'asar. Aka ce "za mu neme ki". Wata huɗu ko wanka zan shiga sai na damƙa wa ƙanena wayar, na ce in baƙuwar lamba ta kira ya ɗauka. Wata makaranta ta ba ni koyarwa, na roƙi su jira ni mako biyu, suka ɗauki wata. Mutum takwas, Yaya. Saƙon tes takwas ne ya gagara?

Jami'in ɗaukar ma'aikata: Ƙanwata, abin ya taɓa ni wallahi. Amma kin san abin da ke biyo bayan "ba mu ɗauke ka ba"? Kafin magariba kawunsa ya kira, gobe a kawo takardar wani babba, jibi mahaifiyarsa na bakin ƙofa tana roƙo. Shirun nan kare kai ne.

Tsohon ma'aikacin gwamnati: Ɗana, kare kanku kuke yi da wahalar 'ya'yan mutane. Ku tuna 15 ga Maris 2014. An karɓi naira 1,000 a hannun kowane mai neman aiki a hukumar shige da fice, lokacin Abba Moro na ministan cikin gida. Gurbi bai kai 5,000 ba, masu nema dubu ɗaruruwa, aka tara su rana ɗaya a filayen wasa. A Abuja da Fatakwal da Minna da Benin aka yi turmutsutsu, sama da mutum goma suka rasu. Da an tace takardu tun a ofis, an gaya wa kowa matsayinsa, da yawancinsu ba su bar gida ba.

Mai shagon kwamfuta: Baba ya faɗi gaskiya. Ni nake cike wa yara fom, kuma shirun nan 'yan damfara ke cin moriyarsa. Yaro ya gaji da jira, sai ga tes wai sunansa ya fito, ya tura kuɗin rajista. Ya tura, domin su kaɗai ne suka kula shi.

Jami'in ɗaukar ma'aikata: Baba, gwamnati daban, ƙaramin kamfani daban. Na yarda da maganar waɗanda suka zo intabiyu. Na kwali kuwa ban yarda ba.

Mai neman aiki: To ko su, ku rubuta a jikin tallar: wanda bai ji daga gare mu ba zuwa rana kaza, ba a ɗauke shi ba. Layi ɗaya ne, Yaya. Da na ga wannan layin, da yanzu ina aji ina koyarwa.