Corolla ƴar 2004 daga Sakkwato: za ta samu kartegiriz (takardar rajistar mota) a Tawa kuwa?

Mushe Salisu, Tawa:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema kafin in saki kuɗin da na shekara uku ina zubawa a adashen malaman makarantarmu. Wan maiɗakina da ke Sakkwato ya samo mini Corolla ƴar 2004, shigowar Amurka, da lambar Najeriya. Ranar Asabar na bi ta Ƙwanni, na ƙetara Illela na je na gan ta. Jiki lafiya lau, kujeru ba yaga, a kan titi ba ta karkata. Amma da aka tashe ta da sanyin safiya sai ta fesa hayaƙi mai shuɗi-shuɗi na ɗan lokaci. Na sa yatsa a bakin salansa, ya fito baƙi ƙirin da maiƙo. Mai motar ya ce ai sanyi ne. Ƙararta ma ba ta kwanta mini ba, kamar ana kaɗa gwangwanin da ba komai ciki.

Da na dawo wani abokin aikina ya ce in haƙura, wai an yi doka, motar da ta wuce shekara 5 ba ta shigowa, kuma dole hayaƙinta ya cika ƙa'idar Euro 4, wato ma'aunin tsabtar hayaƙi na Turai. Tun ranar barcina bai cika ba. Ba don ado nake son motar nan ba. Mahaifiyata tana ƙauye wajen Keita, ga ciwon suga, duk wata sai na ɗauko ta zuwa asibiti, wani lokacin a cushe cikin Hiace da buhunan albasa. Dokar nan gaskiya ce? Hayaƙin nan kuma zai kayar da ni a bizit teknik, wato binciken lafiyar mota?

Alhaji Ɗan Ƙwanni, tiranzita:

Wa alaikumus salam Mushe. Abokinka ya ji magana amma bai ji ƙarshenta ba. A watan Fabrairun 2020 ministocin ƙasashen ƙungiyar CEDEAO (ECOWAS) suka zauna a Wagadugu, suka amince cewa daga Janairun 2021 duk motar da za a shigo da ita ta kai matakin Euro 4, ƙananan motoci kada su wuce shekara 5, manya shekara 10. Sai dai an ba ƙasashe wa'adin shekara 10 su kai ga maganar shekarun sannu a hankali, kuma irin wannan umarni ba ya kama kowa sai ƙasa ta shigar da shi cikin dokarta. Kodibuwa tun 2018 ta tsaida shekara 5 ɗin a kan kanta. Mu kuwa ka san tun 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina mun fita daga ƙungiyar. Don haka hukuncin motarka yana hannun duwan (kwastan) na Nijar, can za ka ji gaskiya, ba a fada wajen shan shayi ba.

Abin da nake so ka ji tsoro ya fi hayaƙi, shi ne takardu. Kuɗin kwastan da aka biya a Najeriya bai ɗauke maka ko dala ɗaya a nan ba, daga farko za ka biya. Lese-fase, wato takardar shigowa da mota na ɗan lokaci, kuma na baƙo ne mai komawa gida, ba a zama da mota a kansa. Ka ɗauki hoton lambar shasi da takardunta ka kai wa tiranzita ya fitar maka da lissafin kuɗin kwastan a rubuce tun kuɗinka na aljihunka. Na sha ganin wanda ya saya da murna, ya zo iyaka ya tarar kuɗin fitarwa ya fi ƙarfinsa, motar ta kwana watanni tana shan ƙura. Ka duba lambar da idonka, ta jikin gilashin gaba da ta bakin ƙofar direba da ta takarda, su zo ɗaya. Haruffa 17 ne, kuma a motar Amurka na 10 shi ke faɗar shekara. In ƴar 2004 ce za ka ga 4. In ka ga Y, ƴar 2000 ce aka yi wa kwalliya.

Maigida Issufu, garaj, Tawa:

Ƙanena, ka kyauta da ka sa yatsa. Sanyi farin tururi yake kawowa, mai ɓacewa nan da nan, ba ya da maiƙo. Shuɗi kuwa injin ne ke cin baƙin mai. In da safe kawai yake yi ya ɗauke, galibi robobin bawul ne suka bushe, mai ya tsiyaya cikin dare, wannan gyara ne mai sauƙi. In kuwa ta yi zafi, ka taka totur ya ci gaba da fitowa, to sigima (zobban fistin) sun gaji, sai an buɗe injin. Baƙi kuma esansi ne ya yi yawa, sau tari filtar iska ce ƙurar hunturu ta toshe, ko buji.

Ƙarar gwangwanin nan ita ta fi damuna. A tsakiyar salansa akwai katalizar, ƴan Najeriya na ce masa indomi saboda cikinsa kamar saƙar zuma yake. Shi ke ƙone gubar hayaƙi kafin ta fita. Yana ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinom, shi ya sa ake farke shi a kwashe a sayar, a mayar da fankon a liƙe da walda. Kwanta ƙarƙashinta da tocila ka nemi sabon ɗinki. Sannan murɗa makulli ba tare da ka tashe ta ba: fitilar injin mai ruwan ɗorawa dole ta kama a tabulo. In ba ta kama ba, wataƙila cire ta aka yi don a ɓoye laifi. Motar Amurka tun daga 1996 tana da wurin jona na'ura ƙarƙashin sitiyari, in ta nuna P0420 maganar katalizar ce. Ka rage kuɗinsa daga ciniki. Ranar bizit kuma ka yi bidanj, wato canjin baƙin mai, ka sa sabuwar filta, ka kai ta da zafinta, kada ka kai ta da sanyin injin.

Malama Rabi, Yamai:

Mushe, ni a asibiti nake aiki. Ko da ba wanda zai auna hayaƙin nan, don Allah ka mayar da katalizar ɗin, kuma a toshe duk inda salansa ke yoyo. Iskar da ta fi kisa a cikinsa ba ta da wari ba ta da launi, da ciwon kai da jiri take farawa. Inna ce za ta zauna a kujerar baya tun daga Keita, gilashi a rufe saboda ƙura.

Mushe Salisu, Tawa:

Allah ya saka muku da alheri. Na sa wan maiɗakina ya turo hoton lambar, harafi na 10 ɗin 4 ne, alhamdu lillahi. Ya murɗa makullin kuma, fitilar injin ba ta kama ba. Alhaji, gobe bayan La'asar zan turo maka takardun. Maigida Issufu, in Asabar ba ka da aiki da yawa, kuɗin mota da na abinci a kaina, mu je ka kwanta ƙarƙashinta da kanka.