Ƙwallon nama da shinkafa a miyar tumatir, ya ake kar ya watse?

Amaryar Bana:
Salam iyayena da yayyena, dan Allah a taimaka min. Inaso in yi wa maigida da ƙannensa ƙwallon niƙaƙƙen naman sa mai shinkafa a ciki da daddare, amma fa duk sanda na zuba a miya sai ya wargaje ya koma kamar fate. Ɗanyar shinkafa ake sawa ne ko dafaffiya?

Maman Biyu:
Wslm ƙanwata. Rabin dahuwa zaki mata ki tace ta huce, rabin kofi ya ishi rabin kilo na nama, sai ki fasa ƙwai ɗaya ki sa tafarnuwa, citta, magi da gishiri, albasar kuma in kin goga ki matse ruwanta tas don shi ke ɓata aikin. In kin dunƙula ki sa a firji kamar minti 30 in Allah yasa da wuta.

Hajiya Babba:
'Yar nan laifin ludayi ne. Ki soya tumatir da tattasai da attaruhu har mai ya taso, ki tsaida ruwa, sai ya tafaso ki jera su ɗaya bayan ɗaya ki rage wuta. Kar ki juya, girgiza tukunyar kawai zaki yi. In miyar da tsami ki ɗan sa kanwa.

Uwargida Ran Gida:
Ni kam ɗanya nake sawa wlh kuma tana nuna, sai dai ta kai minti 45 a rufe kuma tana shan ruwan miyar sosai, ki ƙara ruwa tun farko.

Amaryar Bana:
Nagode Allah ya bar zumunci. Hajiya in fara soya su a mai ko ba sai na soya ba?