Kwamfutocin ofis sun kasa haɗuwa da SQL Server

Assalamu alaikum masana. Manhajar lissafin kasuwanci ce aka girka a kan saba (babbar kwamfutar da sauran ke haɗuwa da ita) mai Windows Server 2019 da RAM 16 GB, rumbun bayananta kuma SQL Server Express, manhajar adana bayanai ta Microsoft. A kan sabar kanta komai na tafiya lafiya lau, amma kwamfutoci 6 na ma'aikata kuskure mai lamba 26 suke nunawa, wato ba su gano rumbun ba. Suna ganin adireshin IP na sabar, an kunna TCP/IP (hanyar sadarwa tsakanin kwamfutoci), an buɗe ƙofar sadarwa (port) 1433, wadda SQL Server ya saba amfani da ita, a katangar tsaro (firewall), shiru.

Zargina dai SQLEXPRESS, wato SQL Server Express ɗin da aka girka, ba 1433 yake saurare ba, shi yake zaɓar ƙofarsa da kansa. To in ɗaure shi a 1433 ne, ko in tayar da SQL Server Browser (manhajar da ke gaya wa kwamfutoci ƙofar da rumbun yake saurare) in buɗe ƙofarta, UDP 1434? Wanne ya fi aminci?