Neman shawara: muna son kai yara ƙanana Yankari daga Katsina

Uwar yara uku, Ƙofar Marusa, Katsina

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa zuwa gandun namun daji na Yankari da ke jihar Bauchi, musamman waɗanda suka je da iyali. Ni da maigidana mun ƙudura niyyar kai yaranmu uku: babbar shekararta 9, mai bi mata 6, autan kuma bai cika 3 ba. Abin da ya tayar da maganar shi ne, wata rana babbar ta dawo daga makaranta ta tambaye ni ko da gaske akwai giwa a dajin Najeriya, ko kuwa sai a talabijin ake ganinta. Tun daga ranar nake son ta gani da idonta.

Maigidan yana ganin mu yi amfani da hutun watan Disamba, mu tashi da asuba a motarmu mu isa a rana ɗaya. Ni kuma hankalina bai kwanta da hakan ba saboda autan, wanda ko zuwa Kano muka yi sai ya galabaita. Shin wane lokaci ya fi dacewa, yaya hanyar take, kuma akwai hatsarin da ya kamata uwa ta sani tun daga gida?

Tsohon direba, Daura

Wa alaikumus salam. Hajiya, ki roƙi maigida ya janye batun rana ɗaya. Daga Katsina zuwa Kano kilomita wajen 170 ne, daga Kano zuwa Bauchi ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi kuma kusan 300, sannan daga Bauchi akwai sauran fiye da 100 kafin a kai masaukin Wikki, inda baƙi ke sauka a cikin dajin. Za ku kama hanyar Gombe, ku ratse a Dindima, ku miƙe har Mainamaji inda ƙofar shiga take. Abin da baƙi da yawa ba su sani ba shi ne, isa ƙofa ba isa masauki ba ne, domin daga nan akwai tafiyar kilomita wajen 40 a cikin dajin kansa, kuma ba hanyar da za a yi gudu a kanta ba ce tun da dabba tana iya gittawa a kowane lokaci.

Babban mutum zai iya jure wannan a yini guda, amma yaro ɗan shekara biyu da rabi ba zai iya ba. Ku kwana a Bauchi, ku tashi da hantsi, ku shiga dajin da sauran rana. Ku cika tanki a Bauchi, a duba taya da safaya da ruwan inji tun a Katsina. Kafin ranar tafiya kuma ku tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki a wannan makon, domin su ne ke bin ta kullum, kuma kada ku yarda dare ya same ku a kanta.

Maman 'yan biyu, Ƙofar Ƙaura, Katsina

'Yar'uwa, mun je da tagwayena suna da shekara 5, kuma abin da zan fara ja miki kunne a kansa ba zaki ba ne, gwaggon biri ne. A masaukin Wikki suna yawo a tsakanin ɗakuna tare da mugun dawa, sun saba da mutane ƙwarai, kuma sun san leda. Da safiyar farko na ba Hassana burodi a leda ta riƙe, muna tsaye a bakin ƙofar ɗaki ina ɗaure wa Usaina takalmi. Ban ji motsin komai ba sai ihunta. Wani ƙato ya fizge ledar, ya koma gefe kaɗan ya zauna, ya yage ta da haƙori yana ci yana kallonmu. Bai ji mata ciwo ba, alhamdu lillahi, amma ta yini tana maƙale da zanena. Saboda haka kada yaro ya riƙe abinci a waje ko da biskit ne, ku ci a cikin ɗaki, ku rufe ƙofa da taga da gilashin mota ko da minti ɗaya za ku yi. Ki kuma gaya wa yaran tun a gida cewa ba a miƙa wa biri abinci, ba a jifansa, ba a bin ɗansa.

Sai maganar ruwan Wikki, wanda shi ne abin da yarana suka fi tunawa har yau. Daga ƙarƙashin dutse yake ɓulɓulowa, garau har kana ganin yashin ƙasa da yatsun ƙafarka, kuma ɗuminsa ba ya sauyawa dare da rana, rani da damina, yana nan wajen digiri 31. Wannan kyan nasa shi ne hatsarinsa, domin ruwa mai haske yana ɓoye zurfinsa. Kusa da bakin dutsen yana iya shanye babban mutum, sai an gangara ƙasa ake samun inda yara za su tsaya. Autanki kada ya bar hannunki ko na mahaifinsa, ita ma babbar kada a sake ta don ta ce ta iya. Mu da sassafe muka riƙa sauka, kafin jama'a su taru, wanda ya fi wa mace sutura da natsuwa. Na shiga da doguwar riga da wando ban ji wata takura ba.

Malamin makaranta, Daura

Hajiya, na kai ɗalibai can, kuma ina so in yi magana a kan giwar da 'yarki take son gani. Yankari ba gidan zoo ba ne. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, an keɓe shi tun 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, ya zama gandun daji na ƙasa a 1991, sannan ya koma hannun gwamnatin jihar Bauchi a 2006. Giwayen da ke cikinsa suna daga cikin garke mafi girma da ya rage a ƙasar nan, amma suna yawo ne a wannan faɗin duka, ba wanda ya ɗaure su. Don haka kada ki yi wa yarinya alkawarin giwa. Ki ce mata za ku je gidan giwa, idan Allah ya sa tana kusa za ku gan ta. Mu a zuwanmu ba mu gan ta ba, sai sawunta a laka da kashinta da rassan da ta kakkarya, kuma da jagoran ya tsayar da mota ya sa wani yaro ya kwatanta tafin hannunsa da faɗin sawun, ɗaliban sun fi minti goma suna mamaki. Mun dai ga gwambaza da mazo da ɓauna daga nesa, da kada a bakin ruwa.

Game da lokaci, dalilin da ya sa ake cewa a je da rani shi ne, idan ciyawa ta bushe kuma tafkuna suka ƙafe, dabbobi suna taruwa a kogin Gaji don shan ruwa. A Disamba ciyawa ba ta gama kwantawa ba, ga hazo. Fabrairu zuwa Afrilu ya fi ganin dabbobi. Ku nemi fita zagayen safe, kuma ba a shiga daji sai da jagora daga ma'aikatan wurin. Akwai ɗan gidan tarihi a masaukin, ku kai yaran kafin ku fita zagaye domin su san sunan abin da za su gani.

Ma'aikaciyar jinya, Katsina

Malam ya yi gaskiya a kan dabbobi, amma ni ban goyi bayan Afrilu ba idan da yaro ƙarami. Zafin bazara yana saurin ƙarar da ruwan jikin yaro, ga zama cikin mota na sa'o'i. Gara ku rasa ganin wasu dabbobin a Disamba ko Janairu da ku dawo da mara lafiya. Ki tafi da gidan sauro, da ruwan sha mai yawa, da ƙunshin gishiri da sukari na gudawa, da maganin zazzaɓi na yara, da rigunan sanyi domin asubar hunturu a cikin daji ba wasa ba ce. A zagaye kuma akwai ƙudan tsando mai cizo da zafi, wanda baƙin tufafi da shuɗi ke jawowa, don haka ki sa musu masu haske masu dogon hannu.

Uwar yara uku, Ƙofar Marusa, Katsina

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na karanta wa maigidan amsoshinku jiya da dare, kuma ya amince mu kwana a Bauchi a tafiya da dawowa. Mun tsaya a kan ƙarshen Disamba saboda autan, na kuma fara gaya wa babbar cewa wataƙila sawun giwa za mu gani, ta ce ko shi ne tana so. Maman 'yan biyu, saura tambaya ɗaya gare ki: da kika fita zagayen, kin tafi da tagwayen duka sun jure zaman motar, ko kuwa kina ganin in zauna da autan a masauki mahaifinsu ya fita da manyan biyu?