Muhawara: Mayar da danfo kan CNG zai rage hayaƙin Legas kuwa?

Alhaji Garba, Mile 12: Jama'a, ga magana. Bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, gwamnatin tarayya ta fito da shirin CNG, wato iskar gas da ake matsawa cikin tukunya mota ta sha maimakon fetur: ita ta tallafa da kayan juya injin da sassaucin haraji, 'yan kasuwa su buɗe garejin sakawa da gidajen sayar da iskar. A ganina wannan haɗin gwiwar ne zai rage hayaƙin Legas, tunda danfo da korofe, ƙananan bas-bas na haya, su ne ke ɗaukar mafi yawan mutane. Mai ja ya fito.

Injiniya Bashir, Agege: Alhaji, ina da ja, amma ba duka ba. Injin fetur da aka mayar kan CNG yana rage iskar kabon da kusan kashi 20 zuwa 25 cikin 100. Sai dai CNG iskar mitan ce, wadda in ta zurare ba a ƙone ta ba, ta fi kabon ɗumama duniya kusan sau 80 cikin shekara 20. Mahaɗin bututu ɗaya da ke yoyo ya isa ya cinye ribar. To wa ke bin motocin nan yana dubawa bayan an saka?

Ɗanlami Makaniki, Idi-Araba: Injiniya ya taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Kayan aikin su ne tukunya da bawul ɗinta, bututun ƙarfe, regulato, matata, injekto, kwamfutar da ke raba iskar, sai maɓallin canji tsakanin fetur da iskar. Ana cika tukunya har matsin iskar ya kai "bar" 200 a ma'aunin matsi, regulato ya sauke ƙarfin kafin iskar ta shiga injin. Regulaton nan da ruwan lagireto yake ɗumi. In ba a haɗa masa tiyon ruwa daidai ba, sai ya yi ƙanƙara mota ta riƙa mutuwa a gosulo. Dole kuma a canza fulogi a rage masa gibi, don iskar ta fi fetur wuyar kamawa. Ga bawul ɗin injin: iskar busasshiya ce, tsohon injin danfo mazaunin bawul ɗinsa yana cinyewa, in ba a saita shi a kai a kai ba kan injin ya ƙone. Ƙarfi ma yana raguwa kamar kashi 10, direba zai ji a hawan gada da cikakken lodi.

Babban abin tsoro tukunya. Ta gas ɗin girki matsinta ba ya wuce bar 10 a aiki, na ta CNG kuwa bar 200. Fashewar da aka yi a wani gidan iskar a birnin Benin na jihar Edo cikin Oktoba 2024, tukunya ce da aka yi wa walda. Ta gaskiya ba ta da ɗinki ko ɗaya, kuma ana gwada ta da matsin ruwa duk bayan shekara 3 zuwa 5.

Hajiya Rabi, Ikeja: Ku ƙyale injin tukuna, lissafin direba za ku duba. Tukunya mai lita 65 tana ɗaukar iskar da ba ta wuce ta lita 15 na fetur ba, ga nauyinta ya kai kilo 60 zuwa 70. Danfon da ke zirga-zirga tun asuba sai ya cika sau biyu a yini. In gidan iskar ba a kan bututu yake ba, tirela ce ke kawo masa, ƙarfinta na sauka tukunya ba ta cika. Direban da mai mota da 'yan kamasho ke jira ba zai yi awa 2 a layi ba, maɓalli zai danna ya koma fetur. Kuɗin gwamnati ya tafi, hayaƙi yana nan.

Alhaji Garba: To Hajiya, a fasa ke nan?

Hajiya Rabi: A'a Alhaji, a canza tsarin kwangila. Maimakon a biya kamfani kan yawan motocin da ya saka wa tukunya, a biya shi kan yawan iskar da motocin suka sha. Sai gwamnatin jiha ta ba da fili kusa da tasha, kamar Oshodi da Ojota, kamfani ya kawo kwamfareso, ƙungiyar direbobi ta yi alkawarin sayen adadi. Banki ba ya ba da bashin gina gidan da babu tabbacin masu saye.

Malam Nura, Apapa: Ni duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Baƙin hayaƙin da ke shiga huhu na dizal ne, tireloli da tankokin hanyar Apapa da Tin Can. Injin dizal kuwa ba shi da fulogi, ba a juya shi kamar na fetur. Ko a bar shi yana shan dizal da iskar tare, ko a sayi sabuwar mota. Kamfanin Dangote da ya sanar da motocin CNG 4,000 a 2025 yana da garejinsa da hanyarsa, shi ya sa lissafin ke fita. Daga kamfanonin da ke da garejin motocinsu ya kamata a fara.

Injiniya Bashir: Wannan na yarda. Haka ma lantarki: LAMATA, hukumar sufurin Legas, da kamfanin Oando sun gwada bas ɗin batir a 2023, kuma BRT, manyan bas masu layinsu daban, ita ce ta dace da su don tana kwana wuri ɗaya. Amma bas ɗaya batirinsa ya kai kilowat-awa 300. Bas 50 a dare ɗaya sai layi da taransifoma na kansu. In da janaretan dizal za a yi caji, an dai canza wa hayaƙin unguwa.

Ɗanlami Makaniki: Alhaji, ni buƙatata ɗaya. Kada gidan iskar ya cika wa motar da ba ta da lambar shaidar gwajin tukunya, kuma a sa gwajin yoyo cikin duba lafiyar mota na shekara-shekara. Ruwan sabulu ma yana nuna yoyo a mahaɗi, balle na'ura.

Alhaji Garba: Wa zai biya kuɗin gwajin, mai mota ko direba? Don na san wanda za a ɗora wa.