Baitin waƙa ya isa shaida a kotu?

Ɗan Zariya: Ni fa ina nan kan bakana. Mawaƙin rap da ya shiga situdiyo ya rera cewa ya harbe mutum, har ya ambaci unguwa da irin motar, ya tona wa kansa asiri. 'Yan sandan Amurka ba su yi laifi ba in sun kai baitin gaban alƙali. Baki shi ke yanka wuya.

Uwar Biyu: Ƙanena, ka taɓa tsayawa a filin dambe kuwa? Ɗan dambe ya ɗaure hannu, kalangu na tashi, ya ce shi ne mai aika maza lahira. Wa ya taɓa kama shi da laifin kisa? Kirari ne, kowa ya sani. To ka cire kiɗan, ka ba mai gabatar da ƙara takarda ya karanta kalmomin ɗaya bayan ɗaya, fuska a murtuke, gaban masu taya alƙali yanke hukunci da ba su san salon ba. Dole su tsorata.

Malam Babba: Abin da ya faru a birnin Atlanta na Amurka ke nan. An kama mawaƙin rap Young Thug a Mayun 2022, a Nuwamban 2023 alƙali ya yarda a shigar da wasu baitocinsa cikin shaida. A Oktoban 2024 ya amsa wasu laifuffuka, aka sake shi da sharaɗin zai yi shekara 15 ana sa masa ido.

Ɗan Zariya: Ka ji ko, Yaya? Da bakinsa ya amsa.

Uwar Biyu: Bayan kusan shekara biyu da rabi a tsare, ana hana shi beli! Ni ban ce waliyyi ne ba. In akwai bindiga ko wanda ya gani da ido, a kawo. Abin da ke ci min rai shi ne wa ake yi wa haka. A 2016 Charis Kubrin da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya sun ba mutane baiti iri ɗaya. Waɗanda aka ce musu rap ne sun fi ɗaukar sa da gaske fiye da waɗanda aka ce musu waƙar kantiri ce, wadda galibi farar fata ke yi.

Malam Babba: Gabar da ke tsakanin hukuma da mawaƙan rap ma tsohuwa ce. Tun 1989 wani jami'in hukumar bincike ta FBI ya aika wa kamfanin da ke fitar da waƙoƙin ƙungiyar rap ta N.W.A wasiƙar nuna ɓacin rai kan waƙarsu ta sukar 'yan sanda, shekara biyu kafin duniya ta ga bidiyon dukan da 'yan sanda suka yi wa wani baƙar fata mai suna Rodney King.

Auta: Yaya, amma uwar wanda aka kashe fa? Ta ji ana yi wa gawar ɗanta dariya a waƙa, a ce mata fasaha ce?

Uwar Biyu: Wallahi wannan ya taɓa ni, Auta. In baitin ya faɗi abin da wanda ya yi kisan kaɗai zai sani, ban hana ba.

Malam Babba: Dokar Kalifoniya ta 2022 kusan haka ta tanada: alƙali ya fara auna baitin a bayan idon masu taya shi kafin a karanta musu.

Ɗan Zariya: Wannan na yarda. Amma a ce kada ɗan sanda ya saurari waƙar sam lokacin bincike, a nan kam ba na tare da ku.