Wai damuwa ma ana gadonta?

Ungozomar Gangare: Abin yana ba ni haushi wallahi. Mai ciki ta zo awo, a ga jininta ya hau zuwa 140/90, a rubuta magani, a kira ta gaba. Ba mai tambayar ya take barci, ko gabanta na yawan faɗuwa. Yaran da aka goya aka gudu da su a rikicin 2001 su ne ke haihuwa yanzu a Jos. Damuwar nan gadonta suka yi.

Dakta: Anti, "gado" ya yi nauyi. Sinadarin damuwa, kotisol, daga ƙullutun saman ƙoda yake fitowa, kuma mabiyiya tana kashe mafi yawansa kafin ya kai ga ɗan tayi.

Nas ta Rikkos: Mafi yawa ka ce, ranka ya daɗe, ba duka ba. A yunwar Holan ta 1944 zuwa 1945, waɗanda ke cikin uwa lokacin sun girma da yawan ciwon suga da na zuciya.

Dakta: Wannan yunwa ce, ba fargaba ba. Kuma abin da ya same ka a cikin uwa ba sunansa gado ba.

Nas ta Rikkos: To meye sunansa? Likitoci dai!

Malamin Bukuru: Ku bar kalmar nan. Kuna cewa gado, yarinya za ta ce haka jininsu yake, ta ƙi asibiti. Alhali ƙuncin da ya wuce mako 2 bayan haihuwa yana da magani, tambayoyi 10 ne ma ake tantance shi da su.

Dakta: Abin da na yarda ana gada shi ne kunun kanwa da wankan jego. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta su da ciwon zuciyar masu jego. Gishirin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafi ya ƙara wa zuciya aiki, ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi sama-sama.

Ungozomar Gangare: Ɗana, kar ka taɓa wankan jego. Yawan kanwar ce matsala, ba ruwan ɗumi ba.

Nas ta Rikkos: Ɗumi, Anti? Tafasasshe fa ake yarfa musu da ganye har arba'in!

Shugabar zaure, ita ma nas: To a taƙaice, an yarda damuwa gado ce, Dakta ne kawai ya ƙi, kamar kullum. Maganar kanwa sai gobe.